Margaret Morse Nice (1883–1974): Matar da ta Shafe Rayuwarta a Bakin Sheƙar Tsuntsaye

1.0 Gabatarwa

A wannan zamani, duk mai wayar hannu da ke haɗe da intanet yana iya zama a ɗakinsa ya kalli tsuntsuwa tana kwanci a sheƙarta a wata ƙasa mai nisa. Masana da ƙungiyoyin kare namun daji sukan ɗaura ƙaramar kyamara a gefen sheƙa, ta riƙa aiko da hoto dare da rana, tun daga ranar da aka saka ƙwai har zuwa ranar da 'ya'yan suka yi fiffike suka tashi. A shekarar 2011, miliyoyin mutane sun bi rayuwar wasu gaggafa biyu, mace da namiji, tare da 'ya'yansu uku a garin Decorah na Jihar Ayowa ta Amurka ta wannan hanya. A shekarar 2012 kuma, Cibiyar Nazarin Tsuntsaye ta Jami'ar Cornell ta kafa irin wannan kyamara a sheƙar wasu shaho da ke harabar jami'ar.

Tun kafin a ƙirƙiri waɗannan na'urori da shekaru masu yawa, an yi wata mata Ba'amurkiya da ta yi wannan aiki da idonta, da madubin hangen nesa, da littafi da fensir. Sunanta Margaret Morse Nice. Ba ta taɓa riƙe muƙamin koyarwa a wata jami'a ba, amma bincikenta ya sauya yadda masana ke nazarin rayuwar tsuntsaye. Wannan babi zai kawo tarihin rayuwarta da ayyukanta, sannan ya fito da abin da mai koyon aikin malanta zai amfana da shi daga gare ta, wato bambancin da ke tsakanin kallon abu da lura da shi.

2.0 Haihuwarta da Karatunta

An haifi Margaret Morse ranar 6 ga Disamba, 1883, a garin Amherst na Jihar Masacusets. Mahaifinta, Anson Morse, shehun malami ne a fannin tarihi a Kwalejin Amherst. Ta tashi a gida mai lambu da itatuwa, kusa da gonaki da dazuzzuka, saboda haka tun tana ƙarama ta saba da yawo tana duba tsirrai da tsuntsaye. A ƙarshen shekarar 1895 aka ba ta kyautar wani littafi mai hotunan tsuntsaye na marubuciya Mabel Osgood Wright. Wannan littafi ya sa ta fara rubuta abin da take gani. Tana da shekara 13 ta riga ta fara ƙidaya sheƙun da ke kusa da gidansu, tana rubuta adadin 'ya'yan da suka rayu suka tashi a kowace sheƙa. Ta adana waɗannan rubuce-rubuce, har ta sake amfani da su bayan fiye da shekara 60.

Ta kammala digirinta na farko a Kwalejin Mount Holyoke a 1906, daga nan ta wuce Jami'ar Clark domin ƙarin karatu. A can ta yi bincike kan abincin wata tsuntsuwa mai kama da makwarwa. Ta riƙa ƙidaya ƙwari da irin ciyawa da tsuntsuwar ke ci a kowace rana, domin a gane amfanin da take yi wa manoma. An buga sakamakon binciken a 1910. Digirinta na biyu daga wannan jami'a yana ɗauke da shekarar 1915.

A 1909 ta auri Leonard Blaine Nice, abokin karatunta a Clark, wanda fanninsa shi ne ilimin aikin gaɓoɓin jiki. Kamar yadda al'adar wancan lokaci ta tanada, sai ta ajiye batun digirin digirgir, ta koma kula da gida. A 1913 mijinta ya sami aiki a Jami'ar Oklahoma, iyalin suka koma garin Norman. Allah ya ba su 'ya'ya mata biyar.

3.0 Nazarin Harshen Yara

Zaman gida bai hana Margaret bincike ba. Da yake ba ta da damar fita daji kamar da, sai ta mayar da hankalinta kan abin da ke gabanta, wato 'ya'yanta. Ta riƙa rubuta kalmomin da kowace yarinya ta furta, da shekarun da ta fara furta su, da yadda jimlolinta ke ƙara tsawo. Daga wannan aiki ta buga maƙalu 18 kan bunƙasar harshe da halayyar yara.

Wadda ta fi shahara a cikinsu ita ce ta shekarar 1925. A ciki ta nuna cewa idan aka tattara jimlolin yaro, aka ƙidaya kalmomin da ke cikinsu, aka fitar da matsakaicin tsawonsu, za a sami ma'auni mai kyau na matakin da yaron ya kai a magana. Ta bayyana yadda yaro ke tashi daga matakin kalma ɗaya, zuwa gajerun jimloli, har zuwa cikakkun jimloli. Wannan dabara ta zama tushen ma'aunin da Roger Brown na Jami'ar Harvard ya inganta a 1973, wanda masu nazarin koyon harshe suka daɗe suna aiki da shi. Ke nan, hanyar da ta bi daga baya wajen nazarin tsuntsaye, ta fara gwada ta ne a kan yara: a ɗauki ɗaya, a bi shi kullum, a rubuta abin da ya faru a ranar da ya faru.

4.0 Batun Kurciyoyi

A shekarar 1919 wani ra'ayi ya fito a jarida a Oklahoma, cewa ya kamata a buɗe farautar kurciya da wuri, domin wai a lokacin kurciyoyi sun riga sun gama ƙyanƙyasa. Margaret ba ta yarda da wannan magana ba. Maimakon ta tsaya gardama, sai ta fita tare da 'ya'yanta suna neman sheƙun kurciya a itatuwan harabar jami'a. Sun tarar da ƙwai da ƙananan 'ya'ya a cikin sheƙu a daidai lokacin da ake son buɗe farautar. Ma'anar wannan ita ce, duk uwar da aka harbe, 'ya'yanta za su mutu da yunwa. Ta rubuta abin da ta gani ta aika wa jarida, daga baya kuma ta buga cikakken bincike kan kwancin kurciya a mujallar masana. Gani ya kori ji.

Wannan al'amari shi ne ya dawo da ita fagen nazarin tsuntsaye tana da shekara 35. Ita da mijinta suka riƙa zagaya sassan jihar a mota, suna kwana a tanti tare da yaransu, suna tattara bayanai. A 1924 suka fitar da littafi kan tsuntsayen Oklahoma, a 1931 kuma ta sake fitar da shi bayan ta faɗaɗa shi sosai.

5.0 Shekaru Takwas a Bakin Kogi

A 1927 mijinta ya koma Jami'ar Jihar Ohayo, iyalin suka tare a birnin Kolumbus. Ba su daɗe da zuwa ba, sai ɗaya daga cikin 'ya'yansu ta rasu tana da shekara tara, sakamakon ciwon huhu. A cikin wannan hali na jimami Margaret ta fara aikin da ya fitar da sunanta a duniya.

A bayan gidansu akwai wata fadama mai kimanin eka 40 a gefen Kogin Olentangy, cike da ciyayi da ƙananan itatuwa. Ta raɗa wa wurin suna Interpont, wato tsakanin gadoji, saboda yana tsakanin gada biyu. A wannan fadama akwai wata irin gwara mai launin ƙasa-ƙasa, wadda masana ke kira Melospiza melodia, mutanen wurin kuma suna kiranta gwara mai waƙa. Tsuntsu ne gama-gari, wanda saboda yawansa ba a cika kula shi ba.

Babbar matsalar mai nazarin irin wannan tsuntsu ita ce dukkansu kama ɗaya suke yi. Idan mutum ya ga gwara yau, ya ga wata gobe, ba shi da hanyar sanin ko ita ce ta jiya. Margaret ta warware wannan matsala ta hanyar kama su da tarko, ta auna nauyinsu, ta sa wa kowanne zoben ƙarfe mara nauyi mai lamba a ƙafa, tare da wasu zobba masu launi daban-daban, sannan ta sake shi. Tsarin launin kowane tsuntsu ya bambanta da na saura, don haka tana iya gane shi daga nesa ba tare da ta sake kama shi ba. Tana cikin mutanen farko da suka yi amfani da wannan dabara a kan ɗaruruwan tsuntsayen daji na tsawon shekaru.

A watan Maris 1928 ta sa wa namijin farko zobe, ta kira shi Uno. Maƙwabcinsa kuma, wanda suke yawan faɗa a kan iyaka, ta ba shi lamba 4M. Ta bi rayuwar 4M har zuwa 1935: matan da ya zauna da su, da sheƙun da aka gina a yankinsa, da 'ya'yan da suka rayu da waɗanda suka mutu. A rana guda cikin watan Mayu 1935, ta zauna tun kafin asuba har faɗuwar rana tana ƙidaya waƙoƙinsa, ta sami 2,305. Duk wannan aiki tana yin sa ne tare da girki da wanki da tarbiyyar yara, ba albashi, ba ɗakin gwaji.

6.0 Abin da ta Gano

Daga dubban shafukan da ta cika, rayuwar wannan tsuntsu ta fito fili daki-daki. Namiji yakan kama yanki nasa, ya riƙa hawa reshe yana waƙa domin sanar da sauran maza cewa wurin yana da mai shi, da kuma jawo hankalin mace. Kowane namiji yana da waƙoƙi da dama nasa na kansa, waɗanda Margaret ta iya bambancewa da kunne. Mace ce kaɗai ke gina sheƙa, ita ce kuma ke kwanci. Takan saka ƙwai uku zuwa biyar, ta kwanta a kansu kwana 12 zuwa 13. 'Ya'yan sukan fito tsirara, idanunsu a rufe, iyayen biyu su riƙa ciyar da su da ƙwari. Bayan kimanin kwana 10 sukan bar sheƙa tun ba su iya tashi sosai ba, iyayen su ci gaba da ciyar da su a cikin ciyawa har su kai kimanin wata ɗaya. A shekara guda, mace takan yi kwanci sau biyu ko uku.

Haka kuma ta gano cewa asarar da ake yi a sheƙa tana da yawa ƙwarai. Macizai da kyanwoyi da sauran maharba sukan cinye ƙwai da 'ya'ya, ambaliya da fari su ma su ɗauki nasu rabo. Akwai kuma wani tsuntsu da ake kira tsuntsun shanu a can, wanda ba shi da dangantaka da balbelar da aka sani a ƙasar Hausa. Macensa ba ta gina sheƙa, sai dai ta faki idon gwara ta saka ƙwanta a cikin sheƙarta. Gwara ta ƙyanƙyashe shi ta rene shi, kamar yadda kaza ke renon 'ya'yan zabuwa idan an sa mata ƙwan, amma a nan 'ya'yan gwarar ne ke cutuwa, domin baƙon ya fi su girma da ci.

Wani abin mamaki da zobban suka bayyana shi ne batun ƙaura. Wasu mazan sukan tafi kudu idan sanyi ya shigo, wasu kuma su zauna a fadamar. Margaret ta ga 'yan'uwa na sheƙa ɗaya, wani ya tafi wani ya zauna, ta kuma ga tsuntsun da ya yi ƙaura bana ya zauna baɗi. Ba don ta san kowane tsuntsu a kan kansa ba, da babu yadda za a yi a gane haka.

A 1957 ta tattara sakamakon bincike masu yawa na masana daban-daban, ta nuna cewa a wajen tsuntsayen da ke gina buɗaɗɗiyar sheƙa, kusan rabin ƙwan da aka saka ne kawai ke kaiwa ga ɗan da zai tashi. A wajen masu kwanci a kogon itace kuwa, adadin yakan kai kusan kashi biyu cikin uku. Wannan ilimi yana da amfani ga masu kallon sheƙa ta kyamara, waɗanda hankalinsu kan tashi idan suka ga ɗan tsuntsu ya mutu a gabansu. Irin wannan mutuwa wani ɓangare ne na rayuwar daji, shi ya sa tsuntsaye ke saka ƙwai fiye da adadin da zai maye gurbin iyaye.

7.0 Yadda Duniya ta San ta

Samun mai buga aikin bai zo mata da sauƙi ba, domin mujallun Amurka sun ga ya yi musu tsawo. A 1931 ta haɗu da wani matashin masani Bajamushe, Ernst Mayr, wanda ya gane darajar binciken. Ta hanyarsa aikin ya kai hannun Erwin Stresemann a birnin Balin, wanda ya buga shi da Jamusanci a 1933 da 1934. Saboda haka masanan Turai sun riga na ƙasarta sanin girman abin da ta yi. Daga baya aka buga cikakken binciken da Ingilishi a mujalladi biyu, na farko a 1937 kan yawan tsuntsayen da haihuwarsu da mutuwarsu, na biyu a 1943 kan halayyarsu. A 1939 ta rubuta wani littafi cikin sauƙin harshe domin jama'a, mai suna The Watcher at the Nest, wato mai zaman lura a bakin sheƙa.

A 1936 iyalin suka koma birnin Shikago. Kafin tashinsu, an riga an sare yawancin ciyayi da itatuwan fadamar Interpont, tsuntsayen kuma sun ragu ƙwarai. A 1938 ta ziyarci Konrad Lorenz a garin Altenberg na ƙasar Ostiriya, inda ta ƙware a renon 'ya'yan tsuntsu da hannu. Da ta dawo, ta riƙa renon 'ya'yan gwara a cikin gida, tana rubuta ranar da kowanne ya fara buɗe ido, ko gyara gashinsa, ko tsince abinci da kansa.

A wannan shekara ta 1938 aka zaɓe ta shugabar Ƙungiyar Wilson ta masana tsuntsaye, ta zama mace ta farko da ta shugabanci babbar ƙungiya irin wannan a Amurka. A 1942 aka ba ta Lambar Brewster, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na fannin. Kwalejin Mount Holyoke ta ba ta digirin girmamawa a 1955, Kwalejin Elmira kuma a 1962. Da yake tana karanta harsunan Turai da dama, ta rubuta sharhi kan ayyukan wasu masana fiye da 3,000, abin da ya sa masanan Amurka suka san abin da ake yi a ƙasashen waje. Bayan Yaƙin Duniya na Biyu, tana cikin waɗanda suka tattara abinci da tufafi suka aika wa masanan Turai da yaƙi ya tagayyara.

8.0 Kuskuren da ya Shekara Dubu Biyu

A farkon shekarun 1950 Margaret ta lura cewa littattafan tsuntsaye suna ba da adadin kwanakin kwanci da ba su dace da abin da masu lura ke gani ba. Sai ta shiga bin diddigin alƙaluman, daga wannan littafi zuwa wanda aka kwafo shi. Ta tarar marubuta sun yi ta kwafar juna ne, ba tare da wani ya je bakin sheƙa ya ƙidaya ba. Wasu alƙaluman sun samo asali ne tun daga Aristotil, masanin Girka da ya rayu fiye da shekara 300 kafin haihuwar Annabi Isa (AS). Shi ya ƙiyasta kwanakin ne bisa girman jikin tsuntsu: kimanin kwana 30 ga manya irin su gaggafa da dinya, kimanin 20 ga matsakaita irin su shaho da shirwa. Gaskiyar magana ita ce shaho da shirwa sukan yi kimanin wata guda ko fiye, gaggafa mai farin kai ta Amurka kuma takan yi kimanin kwana 35. Ta buga wannan bincike a 1953 da 1954. A yau duk mai kallon sheƙar gaggafa ta kyamara yana iya tabbatar da wannan adadi da kansa, muddin ya rubuta ranar da aka saka ƙwan da ranar da ya fashe.

9.0 Ƙarshen Rayuwarta

A shekarunta na ƙarshe ta mayar da hankali ga kare muhalli. Ta yi rubuce-rubuce tana jan hankali kan illar feshin magungunan ƙwari barkatai, ta kuma yi fafutukar kare gandun namun daji na Tsaunukan Wichita a Oklahoma. A 1962 ta fitar da littafi kan tasowar 'ya'yan tsuntsayen da ke iya tafiya tun ranar ƙyanƙyasa, irin su agwagwa. Ta rasu a Shikago ranar 26 ga Yuni, 1974, tana da shekara 90, watanni kaɗan bayan rasuwar mijinta. An buga tarihin rayuwarta da ta rubuta da kanta a 1979. A 1997 Ƙungiyar Wilson ta ƙirƙiri lambar yabo mai ɗauke da sunanta.

10.0 Kammalawa

Kyamara ta sauƙaƙa kallon sheƙa, ta kuma rage damun tsuntsaye da yawan zirga-zirgar mutane. Amma hoto shi kaɗai ba ya zama ilimi sai an sami mai ƙidaya, mai rubuta kwanan wata, mai kwatanta yau da jiya. Abin da Margaret Morse Nice ta yi ke nan, kuma shi ne abin da ake buƙata daga malami a aji. Ɗalibai 60 cikin tufafi iri ɗaya suna iya zama wa malami tamkar garken gwara, har sai ya san kowanne da sunansa, ya ajiye bayanin ci gabansa mako bayan mako. Malamin da ya yi haka shi ne zai gane yaron da jimlolinsa ba sa ƙara tsawo, ko wanda ya daina magana a aji, tun kafin jarrabawa ta fallasa matsalar. Haka kuma, labarin kwanakin kwanci gargaɗi ne ga malamin da ke kwafar darasi daga tsohon littafi ba tare da ya bincika ba, domin kuskuren da ya shiga allo yakan bi ɗalibai har su ma su koyar da shi.

Tambayoyi

1. Bayyana dabarar da Margaret Morse Nice ta yi amfani da ita wajen bambance tsuntsu da ɗan'uwansa, tare da kawo abu biyu da dabarar ta sa aka gano.
2. Wace dangantaka ke tsakanin nazarinta na harshen yara da nazarinta na tsuntsaye?
3. Me ya sa kuskuren kwanakin kwanci ya daɗe a cikin littattafai?
4. Nemi sheƙar kurciya ko ta wani tsuntsu a harabar makaranta, ka lura da ita daga nesa na tsawon mako uku ba tare da ka taɓa ta ba, sannan ka rubuta rahoto mai ɗauke da kwanan wata na kowace ziyara.